Na Je Ganin Taurarin Ɗiyar Inna

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a bakin famfo a tare ni, har tsoffin abokan aikina na likita sun aiko in je in ba su labari. Wata ta ce wai da gaske ne ƙanƙara na saukowa daga sama kamar audugar rimi. Wata kuwa, cikin raɗa, ta tambaye ni ko duba ɗiyata take yi da taurari. Na faɗa, na sake faɗa, amma duk lokacin da na gama sai in ga na tsallake wani abu, wani lokacin da gangan. Shi ya sa na ɗauko wani tsohon kaye, wato littafin rubutu, na zauna in rubuta shi tun daga farko, mai son ji ya karanta.

Sunana Habsu. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina karɓar haihuwa a Badagishiri kafin in aje aiki. Wadda na je gani ita ce ɗiyata ta fari. Ba na faɗin sunanta, kamar yadda uwata ba ta taɓa faɗin sunan yayanmu ba. Da aka yaye ta sai Inna, wato mahaifiyata, ta ɗauke ta zuwa Ƙwanni, can ta girma. Ni ina ce mata Ɗiyar Inna, ita kuma tana ce mini Yaya, don haka ta taso ta ji ƙannena suna kirana. Huɗun da suka biyo bayanta ni na goya su, ni na yi musu faɗa, ni na yi musu wanka. Ita kuwa tsakaninmu gaisuwa ce.

Ta yi lakwal, wato makarantar boko, a Ƙwanni, ta yi jami'a a Yamai, daga nan karatu ya ɗauke ta waje. Mahaifinta, Malam Isufu, shi ne abokin hirarta. Sukan daɗe a waya, in ya ajiye sai ya ce, "Habsu, har yanzu ban gane mi take kallo a sama ba. Sai na je na gani da idona." An fara yi masa takardu ke nan ciwo ya kwantar da shi. Kafin ta samu jirgi an kai shi. Ta iso bayan mako guda, ta yi kwana biyar cikin taron masu gaisuwa, ta koma. Ban tuna mun zauna mu biyu ko sau ɗaya ba.

Bayan shekara biyu, wata ranar Talata ina tsince shinkafa, ta kira ni. Muka gaisa, sannan ta ce, "Yaya, ko za ki zo? Ina Maroko, a kan wani dutse inda muke aiki. In na gama nan zan wuce Chile, can bayan teku, shekara uku." Na ce zan yi shawara. Shawarar ba ta wuce ta daren nan ba.

Sani, ƙanenta, shi ya saka ni a motar da ta kai ni Tsarnawa, daga can na hau wata zuwa Ƙwanni na kwana gidan ƙanwata. Jakata ta fi ni nauyi. Na zuba kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, cuku da kilishi, don na san wanda ya daɗe a waje bakinsa ne ke fara kewar gida. Da asuba muka hau babbar motar Yamai. Kusa da ni wata tsohuwa ce daga Dogarawa, za ta ganin likitan ido. Ba mu kai Dogon Dutsi ba sai da ta san sunan mijina da abin da ya kashe shi. Ta ce, "To ke mi za ki yi har Maroko?" Na ce zan je ganin taurari. Ta juyo da idon nan nata mai yana ta dube ni da kyau, ta ce, "Ba ku da su a Badagishiri?" Motar gaba ɗaya ta ɗauki dariya. Duk shingen jandarma da muka tsaya, in an sauka nuna katin shaida sai ta nuna ni ga wani ta ce, "Ga mai zuwa ganin taurari nan."

Ba zan daɗe a kan jirgi ba. Ban taɓa hawa ba, na karanta duk abin da na haddace, kuma ban ci abincinsu ba. Abin da ya fi jirgin wuya yana jirana a ƙasa.

A filin jirgin Kazabalanka muka yi layi gaban masu duba fasfo. Wanda na faɗa hannunsa saurayi ne mai tsabta, da Faransanci ya yi mini magana. Ya ce wa na zo gani. Na ce ɗiyata. Ya ce yaya sunanta. Na tura masa takardar gayyatar da ta aiko, na ɗora yatsa kan sunan. Ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce, "Madam, ke nake tambaya." Bayana mutane sun fi hamsin, wani har ya fara tsaki. Ta yaya zan gaya wa yaron nan cewa a garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari? Zai ɗauka ban san sunan ba ne, ya mayar da ni. Na sunkuyar da kai na ce, "Mariyama." Shekara talatin da ɗaya sunan yana cikina, ranar ya fara fitowa, kuma a gaban baƙon da ko ɗagowa bai yi ba. Ya buga hatimi ya ce na gaba.

Wajen duwan kuma, wato masu binciken kaya, wata mata ta buɗe jakata, ta kwance ƙullin daddawa, ta ja da baya kamar an mare ta. Ta kira abokiyar aikinta, ita ma ta shinshina. Na yi ta bayani da hannu da baki cewa kayan miya ne. A ƙarshe suka bar mini daddawar, ina jin don su rabu da ita ne, amma kilishi suka ce nama ba ya shiga. Haka na bar shi ina waiwaye.

Da na fito sai na tarar da mutane suna ta rungumar juna. Mutanen can sumba suke yi a kumatu, dama, hagu, su sake komawa, uwa da ɗiya, ɗa da uba, ba kunya ko kaɗan. Ina cikin kallonsu na hange ta cikin wata ƙatuwar rigar sanyi. Ta rame. Ta iso ta durƙusa har ƙasa a tsakiyar jama'a, ta ce, "Sannu da hanya, Yaya." Na ce, "Yauwa. Kuna lahiya?" Na dubi takalminta, ta dubi jakata. Gaisuwarmu ke nan.

Jirgin ƙasa muka hau zuwa Marrakesh. Wata mata da ke gabanmu ta buɗe leda ta miƙo mini burodi da zaitun. Ni da nake jin zaitun a karatun Alƙur'ani tun ina yarinya, na ɗauka zai yi zaƙi kamar dabino. Na jefa biyu a baki lokaci guda. Ɗaci da gishiri suka kama mini harshe, ga matar tana kallona tana murmushi. Na haɗiye har da ƙwallon ɗaya. Ɗiyar Inna ta juya wajen taga, kafaɗunta suna rawa. Ran nan na fara ganin dariyarta kusa, irin ta mahaifinta ce, marar sauti.

Muka kwana a wani ƙaramin masauki, da safe wani dattijo mai suna Brahim ya zo da mota. Shi ke kai ma'aikata sama, matarsa Fadma kuma ke dafa musu abinci. Hanyar dutsen nan Allah kaɗai ya san wanda ya yanka ta. Lanƙwasa bayan lanƙwasa, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami marar iyaka. Ni da na saba da shimfiɗaɗɗiyar hanyar Tawa, sau biyu ina sa Brahim ya tsaya in amayar da abin karin safe. A tsayawa ta biyu ya miƙo mini gora ya ce, "Aman." Na ɗago da sauri. Ai haka Buzayenmu ke kiran ruwa! Na karɓi haihuwar matansu da yawa, na tsinci kalmomi kaɗan. Na sha na ce masa, "Tanemmert," wato na gode. Dattijon nan ya buga sitiyari don murna, ya ɓarke da zance da yarensu, ni kuwa kalmomina sun ƙare. Duk da haka daga ranar ya ɗauke ni 'yar'uwa.

Muna isa sama na zuro ƙafa daga mota da silifas ɗina, sai cikin ƙanƙara har idon sawu. Mai tambayar audugar rimi, ga amsarki: a ido haka take, a ƙafa kuwa wuta ce. Fadma ta fito da gudu tana faɗa da yaren da ban ji ba, ta kawo mini takalman mijinta. Da su na yi ta yawo har na bar dutsen. Numfashi ma sai da ya yi mini wuya kwana biyu, in na yi taku goma sai in tsaya kamar mai tsohon ciki.

Ɗakina ƙarami ne, bargo biyar a kan gado, ga tukunyar ƙarfe da ake hura wa itace a tsakiyar gidan. Alwala da ruwan famfon can sai mai ƙarfin imani, Fadma ce ta riƙa ajiye mini buta kusa da wuta. Abincinsu kuwa komai da burodi ake ci, shi ne cokali, shi ne tuwo. Nama da kayan lambu a dafa su cikin wani kasko mai murfi kamar malfa, a zauna a kewaye shi. Shayi da na'ana'a sau biyar a yini. Ranar Juma'a suka yi wani abu kamar burabuskonmu, shi kam na ci na ƙoshi. A kwana na uku na roƙi Fadma ta ba ni murhu. Na tuƙa tuwo da garin alkamarsu, na kaɗa miyar kuka da daddawar da ta tsira. Turawa biyu da ke aiki can suka buɗe tagogi duk da sanyi. Ɗiyar Inna ta wanke hannu ta zauna, ta ci malmala uku, ta suɗe kwanon. Na ƙara mata miya.

Yanzu ga abin da Malam Isufu ya so gani. A bayan gidan akwai wani gini mai rufi kamar an kife ƙwarya. In rana ta faɗi sai rufin ya tsage, wani babban madubin hangen nesa ya leƙa sama. Na ɗauka za mu yi layi ne kowa ya sa ido. Ashe ba mai leƙawa. Madubin yana can shi kaɗai cikin duhu da sanyi yana ɗaukar hoto, mutane kuma suna wani ɗaki mai ɗumi gaban ordinatar, wato kwamfuta, hotunan na zuwa musu ɗaya bayan ɗaya.

Bayan sallar isha ta fitar da ni waje ta nuna mini Kaza da 'Ya'yanta, ga su nan kamar yadda suke a saman gidanmu, sai dai sun fi haske. Ta ce nata taurarin suna can ƙasa da su kaɗan, ido ba ya ganinsu. Muka koma ciki ta nuna mini wani ɗigo a gilashin ordinatar, bai kai ƙwayar gero ba.

Na ce, "Wannan ne?"

Ta ce, "Su ne. Biyu ne, sun yi kusa da juna ƙwarai, shi ya sa suke fitowa kamar ɗaya."

Na ce, "To mi suka yi da har kika bar gida dominsu?"

Ta yi ɗan tunani, don ta saba faɗin abin da Faransanci da Turanci, ba ta taɓa faɗinsa da Hausa ba. Ta ɗauko faranti ta ajiye zaitun biyu a tsakiya. Ta ce taurari ma haihuwarsu ake yi, daga gajimaren iskar gas da ƙura. Waɗannan biyun jarirai ne, tare aka haife su, ba su gama girma ba. Ragowar gajimaren yana kewaye da su kamar faifai, kamar bakin farantin nan. Su kuma suna zagaya juna, amma ba daidai ba, wani lokaci su yi nisa, wani lokaci su matso. Kusan kowane mako biyu sukan zo dab da juna. In sun matso sai su fizgo gas daga bakin faifan, ya kwararo ya faɗa kansu da gudu, ya yi zafi, sai haskensu ya tashi. In sun rabu ya lafa.

Na ce, "Wato tsotso suke yi."

Ta ce, "Kusan haka. Amma ba kullum suke ci daidai ba. Wani zagayen hasken ya tashi sosai, wani ya tashi kaɗan, wani ya makara, wani ma ya ƙi tashi. Kuma muna son sanin wanne cikin biyun ya fi samu. Abin da ya rage a faifan nan, da shi ake yin duniyoyi irin tamu. In mun gane yadda suke ci, za mu san abin da za su bari."

Sai ta buɗe wani zane, ɗige-ɗige a jere, kowane ɗigo awon dare ɗaya, suna tafiya a kwance su hau su sauko. Ta ce ana auna su ne da wasu taurarin maƙwabta waɗanda haskensu ba ya canzawa. Wannan kam na gane shi nan take. Irin takardar zafin jiki ce da muke ratayewa a ƙafar gadon majinyaci. Na sa yatsa kan wani tudu na ce nan ciwon ya yi tsanani, na nuna wani na ce nan kuwa da sauƙi. Ta dube ni da mamaki ta ce, "Ɗalibaina sai sun yi mako kafin su karanta shi haka."

Bisa lissafinta, a dare na shida da zuwana ne za su matso. Ta ce farkon tashin hasken take son kamawa, wata huɗu ke nan tana jira, duk lokacin da ya zo sai ya faɗo da rana ko girgije ya rufe. Wannan ne na ƙarshe kafin a karɓe madubin a ba wasu.

Dare na biyar girgije ya rufe dutsen gaba ɗaya. Na shida ma haka ya fara. Ta kasa zama, ta fita ta shigo ta fi sau goma. Wajen ƙarfe tara sama ta buɗe. Ta kunna komai, hotuna suka fara zuwa, sai wani abu ya tsaya a rufin ginin, ta tashi da gudu ta fita dubawa. Na ga ta bar rigar sanyinta a kan kujera. Na jira, na jira, ba ta dawo ba. Iska kuwa tana kaɗawa kamar za ta ɗage gidan. Na ɗauki rigar, na kunna fitilar wayata don kada in faɗi, na bi ta. Ba wanda ya gaya mini cewa ba a shiga da haske, ko kuma an faɗa da yaren da ban ji ba. Na tura ƙofar ginin, na ɗaga fitilar ina nemanta, hasken ya sauka kan madubin.

"Yaya! Kashe! Kashe shi!"

Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Na kasa samun wurin kashewa, sai da ta fizge wayar ta cusa cikin aljihu. Ashe ta riga ta gyara rufin, madubin ya ci gaba da aiki. Muka koma ɗaki. Hoton da ya fito fari fat ne, ba tauraro ko ɗaya. Kafin ta sake saita komai, girgije ya dawo ya rufe, bai kuma buɗe ba.

Ta zauna ta dafe kai. Na ajiye rigar kusa da ita na ce, "Na ga kin hita ba riga ne."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Shekara talatin ba ki taɓa biyo ni da riga ba, sai yau."

Na juya na tafi ɗakina.

Washegari ban fito karin kumallo ba. Bayan azahar na zauna a jikin wani bango inda rana ke bugawa. Ta zo ta tsaya, ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri da maganar jiya." Na ce ta zauna. Ta zauna nesa kaɗan, kowa na kallon duwatsu. Da a gida ne ba zan iya ba, amma a can ba mai jin Hausa sai mu biyu.

Na ce mata ranar da Inna ta zo ɗaukarta, ni na goya ta har tasha, ina dariya da mutane don kada a ce na nuna son ɗan fari. Da motar ta tashi na kasa komawa gida. Na hau ta bayanta na bi su har Tsarnawa. Can na sauka na zauna ƙarƙashin wata bishiyar bedi ina kallon hanyar Ƙwanni har la'asar, nono na zuba ya jiƙa mini riga. Na dawo na ce wa mahaifinta na je gaida wata majinyaciya.

Na ce mata shekarun da take ƙaramar lakwal, duk wata nakan karɓi aiken zuwa Ƙwanni ɗauko magunguna, ko ba layina ba ne. In na gama sai in je in tsaya wajen mai tuyar ƙosai da ke tsallaken ƙofar lakwal ɗinsu har a tashe su. Na san jakarta, shuɗiya ce mai hannu ɗaya. Na san ranar da ta faɗi ta fasa gwiwa. Ina ganinta ta wuce, sannan in zagaya ta wata hanya in riga ta isa gidan Inna, in ta shigo ta gaishe ni in amsa ina kallon wani wuri.

Ta ce, "Mi ya hana ki kira ni?"

Na ce, "Da wane suna?"

Can ta ce, "Ni kuwa na ɗauka na yi miki wani laihi ne tun ina jaririya. Nakan ce in na zo ta ɗaya a aji za ki dube ni." Na ce duk takardun sakamakonta da Inna ke aikowa mahaifinta, suna cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa. Ta rufe fuska da hannun riga. Ni ma na ja mayafina. Fadma ta leƙo da tiren shayi, ta gan mu, ta koma da shi.

Daren nan sama ta wanke tas. Ta ja mini kujera kusa da tata, ta ba ni takarda mai layi-layi da biro, ta ce in riƙa sa ɗigo duk lokacin da ta faɗi lamba, ko da yake ordinatar na yin nasa. Ɗigo na farko da na biyu suna kwance. Na uku ya ɗan ɗaga. Na huɗu ya fi shi. Ta matso da fuskarta jikin gilashin ta ce, "Ya makara. Yaya, bai tashi jiya ba, yanzu yake tashi!" Muka yi ta yi, tana faɗa ina ɗigawa, layin yana hawa a hannuna. A gilashi ɗigon nan bai canza a idona ba, ƙwayar gero ce dai. Amma a takarda na ga abin da kaina, wasu jarirai biyu can inda ba wanda zai taɓa zuwa suna cin abincinsu. Na tuna Malam Isufu. Da shi ne da ya cika ɗakin da tambaya.

Na ce mata, "To mi ya sa ya makara?"

Ta ce, "Ban sani ba." Tana faɗa tana murmushi kamar an yi mata kyauta. "Shi zan je nema."

Nan na san ba zan ce mata ta dawo gida ba, ko da yake da maganar na taso tun daga Badagishiri. Gurbin dare na shida kuwa yana nan a zanenta, ba abin da zai cike shi. Na tambaye ta abin da za ta rubuta a wurin. Ta ce girgije.

Ana gobe zan tafi, ta cire hular sanyinta a gabana. Gashin ya cukurkuɗe, ta ce ba mai kitso a dutsen, wata biyar ke nan tana tufke shi kawai. Na ce ta kawo mataji. Fadma ta ba mu man zaitun, na zauna a bakin gado, ta zauna ƙasa tsakanin ƙafafuna. Na yi wa ƙannenta mata kitso ya fi a ƙirga, amma ban taɓa sa hannu a kanta ba. Ashe tana da tabo a bayan kunnen hagu, ban san inda ta samo shi ba. Ashe furfura biyu sun fito mata. Na yi mata ƙananan shuku, na ja aikin yadda zan iya, na tsefe wasu na sake ba tare da sun lalace ba. Kafin in kai rabi barci ya ɗauke ta, kanta a kan gwiwata. Ƙafata ta mutu, ban motsa ba.

Ta rako ni har filin jirgi. Ba mu yi irin ta mutanen can ba. Ta durƙusa, na ce Allah ya yi mata albarka, na dafa kanta, hannuna ya daɗe a wurin fiye da yadda aka saba.

Yau wata biyu ke nan da dawowata. Tana can Chile, in muna azahar su suna hantsi. Yanzu ni take kira duk Lahadi. Makon jiya na tambaye ta ko ta samu mai kitso. Ta ce ba ta nema ba, nawa ne har yanzu a kanta. Na ce ta tsefe shi, ya tsufa, gashi zai karye. Ta ce to.

Shekaranjiya ta aiko hoto, tana tsaye gaban wani madubin da ya ninka wancan girma. Na ba Sani wayar na ce ya buɗa mini hoton wajen kanta. Kitson yana nan.